Ɗan Aike a Ɗakin Na'ura

Yayana ba ya nan. Mutumin da duk layin ke kira Injiniya, ko da yake bai taɓa cewa a kira shi haka ba, ya rasu da magariba a ɗakin ajiya na bayan gidansa. Ya bar mata ɗaya, 'ya ɗaya, da wata na'ura da ba wanda ya isa ya kashe. Abin da ya biyo baya matarsa ce ta ba ni labarinsa, kuma yadda ta faɗa haka zan faɗa.

Na'urar ba tasa ba ce, ta kamfanin da yake wa aiki ce, masu rarraba magani ga ƙananan shaguna. Saba suke ce mata. Baƙin akwati ne da bai wuce gwiwa ba, da fanka a ciki da ƙananan fitilu a gaba. In mai shago ya nemi magani ta intanet, ta cikinta saƙon yake bi ya isa babban sito, can a loda mota. Wata damina rufin ofis ya yi yoyo, sai ya ɗauko ta ya kawo gida, wai na ɗan lokaci. A cikin ɗan lokacin nan 'yarsa ta gama firamare har ta kai ajin ƙarshe na sakandare. Auta ake ce mata, duk da ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe.

Ranar da abin ya faru Maman Auta tana kan keken ɗinki, tana sauri ta gama kayan makarantar 'ya'yan mutane. Keken tsoho ne, in yana tafiya ko sallama ba a ji. Sai da ta tashi yin alwala ta leƙa ɗakin, ta same shi a ƙasa tsakanin kujera da na'ura, fitilun na ta ƙiftawa a kan fuskarsa.

Da masu ta'aziyya suka ragu, babbar yayarmu, wadda Auta ke kira Gwaggo, ta ce za ta zauna da su har a gama takaba. Wani yammaci suna tsakar gida su uku. Gwaggo tana kan tabarma tana faɗa da rediyo, Auta tana kwashe shanya, uwar tana neman ramin allura a ɗan hasken da ya rage. Daga ɗakin baya ana jin numfashin fankar, wanda kunnen gidan ya saba da shi har ya daina ji.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Gwaggo ta ɗaga kai ta aika wa yaran maƙwabta abin da ya samu, har da iyayensu. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Daga nan tsakuwa ta fara sauka a tsakar gidan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ana ajiye ta da hannu. Ɗaya ta gangaro ta tsaya a ƙafar Maman Auta. Ta ɗauka, ta ji ta da ɗumi. Bayan katanga kuwa babu motsin kowa, ko kaza.

Auta ta saki kayan da ke hannunta. Ta taka zuwa ƙofar ɗakin ajiya, ta zauna ta jingina da ita, ta miƙe ƙafa ɗaya ta naɗe ɗaya, irin zaman da ba nata ba. Ta yi gyaran murya, gajere, irin na wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Maman Auta. Kawo mini ruwa."

Muryar yayana ce. Ba kama ba, ita ce, har da yadda yake jan ƙarshen sunan.

Gwaggo ta fara salati, ta rasa inda za ta kama ta sake farowa. Yarinyar ta maimaita maganar. Ta sake maimaitawa. Da farko kusa da kusa, sannan tazarar ta fara tsawo, har mutum ya ce ai an gama, sai kuma kiran ya dawo. Haka har aka kira isha'i, sannan kanta ya langaɓe, suka ɗauke ta suka kwantar. Da safe ba ta tuna komai ba. Ta dai ce ƙasusuwanta na ciwo kamar ta yi dako.

Washegari ma haka, da jibi, da duk magaribar da ta biyo.

An kai ta asibiti. Likita ya ce damuwa ce, ya rubuta ƙwayoyin barci. Gwaggo ta sa kwaɗo a ƙofar ɗakin, ta ajiye waya a bakin taga tana karatun Alƙur'ani daga safe har dare, ta hana Auta fita tsakar gida in rana ta yi ja. Bai hana komai ba. In lokacin ya yi, tsakuwa za ta fara, yarinyar za ta miƙe daga duk inda aka ajiye ta, kuma mace biyu ba sa iya riƙe ta. Makaranta ta tsaya, ga jarrabawa ta matso. Abin da ta ci ba ya zama. Idanunta suka faɗa, wuyan hannunta ya koma kamar na 'yar goye.

Akwai abin da Gwaggo ba ta sani ba. Maman Auta tana jiran magariba.

Tun da la'asar take fara jin ta a jiki. Sai ta rufe keken da wuri, ta wanke kofinsa, ta cika shi, ta riƙe. In kiran ya zo, ta je ta ajiye kofin a gefen yarinyar, ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta zauna. Ba ta cewa komai. Ranar farko tsoro ne ya ɗaure mata harshe. Daga baya ba tsoro ba ne. Ta san wane kira ne wannan: shi ne wanda ƙarar keke ta cinye. Kuma ta san halin mijinta, in ya kira aka amsa, shi ke nan, zai yi shiru ya koma kan aikinsa. Don haka ta yi gum, ta bar shi yana kira. Da safe sai ta zubar da ruwan a gindin katanga kafin Gwaggo ta tashi, ta shafa wa 'yarta mai a gaɓoɓi, ta yi wa kanta alkawarin yau za ta gaya wa wani. La'asar na yi, alkawarin ya narke.

A cikin wannan hali akwai mai zuwa gidan kusan kullum da rana, abokin aikin marigayi, wani da ake kira Dogo. Yakan tuɓe takalmi tun daga soro, ya gaida Gwaggo, ta buɗe masa kwaɗo tana mita cewa su kwashe shaiɗaninsu su bar musu gida. Yakan ce, Gwaggo, ni ma da zan samu da tuni na jefa ta a rijiya. Ba don son ransa yake zuwa ba. Tun ranar rasuwar marigayi, na'urar ta kama wani saƙo guda tana ta aikawa sito: wani shago yana neman maganin tari. Mutanen sito suka loda mota suka kai. Saƙon ya sake zuwa, suka sake kaiwa. Sai da mai shagon ya rantse musu cewa kwalaye sun kore shi daga kan kujerarsa sannan suka gane. Tun daga nan wayar Dogo ba ta huta ba. Ga sauran saƙonni sun yi layi a bayan wannan, don na'urar ba ta tsallake wani ta aika na bayansa, sai da hannu yake tura su.

Ya duba wayoyi. Ya duba agogon na'urar, ko ya saɓa da na sito. Ya kashe ta ya kunna, amma saƙon a ajiye yake a cikinta, tana farkawa ta ɗauke shi daga inda ta tsaya. Yakan zauna a kujerar marigayi, dogayen ƙafafunsa sun rasa wurin shiga, yana kallon layi ɗaya yana fitowa a allon kwamfuta, yana murza ido.

Wata rana aiki ya riƙe shi har magariba ta same shi a ciki. Ya ji tsakuwa. Ya ji an jingina da ƙofar da ke bayansa. Ya ji muryar mutumin da suka yi shekaru suna raba burodi ɗaya. Bai motsa ba har isha'i, kuma da ya fita takalminsa a hannu ya tafi da shi.

Maman Auta ta ɗauka ba zai dawo ba, sai ga shi washegari. Ta kai masa shayi ta ajiye a bakin ƙofa, ta tsaya daga waje ta tambaye shi ko an gano ciwon. Ya ce an gano.

"Saƙon yana isa, Maman Auta. Tun farko yana isa. Amsar ce ba ta dawowa."

Ya yi mata bayani a gajiye. An canza wa gidan layin intanet, adireshin na'urar ya sauya, shi ne abin da marigayi yake kan gyarawa. In sito ya karɓi saƙo, dole ya mayar da 'yar amsa cewa ya karɓa. Suna mayarwa, amma tsohuwar ƙofa suke ƙwanƙwasawa. Ita kuwa na'urar ba ruwanta da an kai magani ko ba a kai ba. Muddin ba ta ji amsa ba, a wurinta ba a yi komai ba. Gyaran yana ɓangaren sito, kuma mai mabuɗin wajen ya tafi hutu ya kashe waya.

Ta ce, to ba ta gajiya ta bari?

Ya ce akwai inda ake sa mata iyaka, in ta kai ta haƙura ta ajiye saƙon gefe. Marigayi bai taɓa sawa ba. Sun sha musu a kan haka. Cewa yake maganin mai ciwo ne, gara ya je ya maimaita da ya ɓace a hanya ba wanda ya sani.

Dogo ya juya kofin a hannunsa. Ya ce shi bai san komai a wancan fannin ba, Allah ya gani. Amma jiya ya saurara. Yadda yarinyar ke kira, kusa da kusa sannan tazara ta yi tsawo, haka na'urar take yi, ba bambanci.

Maman Auta ta ce shayinsa zai huce. Ta koma kan kekenta ta yi ta takawa ba zare.

A makon ne ta ɗauko rigar makarantar Auta don ta rage mata, ko Allah zai sa ta samu zama jarrabawa. Ta tsayar da ita ta zagaya tef a ƙugunta. Ta duba, ta sake zagayawa, ta ga dai ba kuskure ta yi ba. Awon da take yi wa 'yan firamare ne. Tana riƙe da tef ɗin ƙafafun yarinyar suka saki, ta zube mata a jiki, ba nauyi, kamar an miƙo mata ragowar yadi. Gwaggo ba ta tambayi kowa ba, ta ja mayafi ta fita.

Malamin da ta zo da shi tsoho ne, yana koyarwa a wata makaranta da safe, da yamma kuma ana kiransa irin wannan aiki. A kan keke ya zo, ya jingina shi a soro, ya cire ƙarfen da ya matse ƙafar wandonsa da shi. Bai zo da komai ba sai ƙaramin Alƙur'ani da tabarau. Ya tambayi abin da ake ji da lokacin da ake jinsa, ya leƙa ɗakin inda Dogo ke zaune, ya ce masa ya fito amma kada ya tafi. Da aka kira salla ya ja Dogo suka yi a soro. Suna sallamewa tsakuwar farko ta faɗo.

Auta, wadda da rana ba ta iya ɗaga kofi, ta taso da kanta ta zauna a wurin da ta saba. Malam ya shimfiɗa buzunsa nesa kaɗan, ya sa Gwaggo ta rufe mata ƙafafu da zane, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Kiran ya zo a tsakiyar aya, bai tsaya ba. Ya sake zuwa, ya ci gaba. Duhu ya cika tsakar gidan, ba wanda ya tuna da kunna fitila. A hankali numfashin yarinyar ya yi nauyi, ta fara juya kai kamar mai guje wa hayaƙi. Sai wata murya ta fito, wadda ba ta yayana ba, ba ta Auta ba. Tsohuwa ce ƙwarai, a dushe, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Ya isa, malam. Ba faɗa na zo ba."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, kuma me ya haɗa shi da marainiya. Ya ce shi mazaunin ɗakin ne tun ana ajiye tsofaffin katifu a ciki. Da aka kawo na'ura ya ji daɗin ɗuminta, ya koma bayanta da zama. Shekaru suna tare da mai gidan, shi yana aiki yana magana shi kaɗai, shi kuma yana saurare, har ya koyi yadda ake aika saƙo a ɗakin nan. Ranar da mutumin ya faɗi, ya kira matarsa, ba a amsa ba. Ya sake kira, ba a amsa ba. Ba kowa a wurin sai shi. Sai ya ɗauki saƙon.

Malam ya ce ba wanda ya aike shi. Matattu sun wuce inda ba sa aike, kuma aron muryar mamaci zalunci ne a kan rayayyu. Ya ce masa ya dubi abin da ya mayar da yarinyar nan.

"Ban zaɓe ta don mugunta ba. Bakinta ne ya fi kusa da nasa. Na gaji, malam. Na fi ta gajiya. A amsa mini in sauke."

Malam ya ce an gaya masa kullum ana kawo ruwan. Gwaggo ta juya ta dubi matar ƙanenta, don ita ba ta gaya masa haka ba. Kofin ne malam ya gani a hannun Maman Auta.

"Ruwa yana zuwa," in ji muryar. "Amsa ba ta zuwa. Tana ji. Ina kallonta tana ji."

Fanka kawai ake ji daga bayan ƙofa.

Daga nan aka shiga ciniki. Ya ce in an amsa zai bar yarinyar, amma a bar shi a ɗakin. Malam ya ce gidan mata biyu da marainiya ba masaukinsa ba ne. Ya ce to ya bi na'urar duk inda za a kai ta. Dogo ya ce daga soro, don Allah malam, ofishinmu za a mayar da ita, mu ma muna da iyali. Malam ya ce ya ji, na'ura tana da masu ita. Ƙasar Allah tana da faɗi, akwai duwatsun da rana ke gasawa har dare ba sa hucewa, ya nemi ɗaya inda ba mutane. Ya sa shi ya yi alkawari da sunan Wanda ya halicce su duka cewa ba zai dawo ba, ba ga yarinyar ba, ba ga gidan ba. Muryar ta yi jinkiri, sannan ta yi.

Malam ya cire tabarau ya juya wajen Maman Auta. Ya ce mata, a hankali, wannan ba mijinta ba ne, kuma ba mijinta za ta amsa wa ba. Ɗan aike ne da ya ɗora wa kansa kaya. Ta sallame shi.

Ta taso ta durƙusa a gaban 'yarta. Abin da ke bakinta daban ne. So take ta ce ya ƙara faɗa sau ɗaya, da waccan muryar, ta ji ta da kyau, ta adana. Har ta ja numfashin faɗin haka. Sai Dogo ya kunna fitilar wayarsa daga soro, hasken ya faɗa a fuskar Auta. Leɓunanta sun tsattsage, akwai busasshen jini a gefen bakin, inda muryar da ta fi ƙarfin maƙogwaronta take fitowa kowace magariba.

Ta ajiye kofin a ƙasa.

"Na ji," ta ce. "Saƙo ya iso. Na karɓa."

Yarinyar ta sauke wani dogon numfashi, wanda ya fi ƙirjinta girma. Ƙafarta ta hagu ta yi rawa a ƙarƙashin zane, ta yi rawa, sannan ta kwanta. Wata 'yar tsakuwa ta gangaro daga kan kwano ta faɗi bayan katanga, ta waje. Malam ya ci gaba da karatu har ya kai ƙarshen sura.

Da Auta ta buɗe ido sai ta ga baƙo, ta lalubi ɗankwalinta, ta tambayi Gwaggo a raɗa me ya sa aka bar ta zaune a ƙasa gaban mutane. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi faɗa, kuka ya riga ta.

Mai mabuɗin sito ya dawo daga hutu a makon da ya biyo. Gyaran bai kai shan shayi ba. Dogo ya ce yana kallo amsar ta shigo, layin nan ya ɓace, saƙonnin da ke baya suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Kafin su zo da mota su ɗauke na'urar ya sa mata iyaka, ya ce marigayi ya yafe masa.

Auta ta zauna jarrabawa da rigar da aka rage, yanzu kuma an sake buɗe ta. Uwar tana nan tana ɗinki. Ta ce mini abin da ya fi mata wuya shi ne ta fara manta yadda muryar take, in ta nema a cikin kanta sai ta ji tata. Na ce mata ni ma haka. Muka zauna tare har aka kira salla.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ɗaga hannu tare da mu. Allah ya jiƙan yayana, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa. Allah ya raya marainiyarsa cikin lafiya, ya ba matarsa haƙurin da ba ta da shi, ya ba mu namu. Ku ce amin.